Shanya ko firiza: yadda za a adana ganye a farkon daminar Legas

Wata 'yar'uwarmu da ke Agege ta ce tun da ruwa ya sauka, zogale, lalo da daɗɗoyar da ta shuka a bayan gidanta sun fi ƙarfin tukunyarta, tana tambaya ko ta shanya su kamar yadda ake yi a gida, ko ta zuba a firiza.

Hajiya, abu na farko shi ne iskar Legas ba irin ta Kano ba ce. A Arewa zogalen da aka baza a tabarma yakan bushe ƙarau cikin kwana biyu, amma a nan, daga watan Afrilu zuwa Yuli, laimar da ke cikin iska kan sa ganye ya yi laushi, ya yi baƙi, hunhuna ta kama shi tun bai gama bushewa ba. Duk da haka shanya ce ta fi dacewa da zogale da daɗɗoya, in dai an bi ƙa'ida. Ki tsinke da hantsi bayan raɓa ta ɗauke, ki wanke, ki tsane shi sosai, sannan ki baza shi ba a tare ba a kan faifai, a inuwa, ƙarƙashin fanka ko kusa da taga, domin rana kai tsaye tana kashe korensa, tana kuma rage amfaninsa. Idan kika murza shi a tafin hannu kika ji ya ruguje da 'yar ƙara, ya bushe. Idan ya lanƙwashe kawai, da saura. Ki zuba a kwalba mai murfi, kada ki bar shi a buɗaɗɗiyar leda, don cikin mako ɗaya zai sake shan laima.

Firiza kuwa ta fi riƙe launi da ɗanɗano, musamman ga lalo, wanda maƙwabtanmu Yarabawa ke kira ewedu, da rama da alayyahu. Ana tsoma ganyen a tafasasshen ruwa na minti 1 ko 2, a juye a ruwan sanyi, a matse, a ƙulla kashi-kashi daidai miyar rana ɗaya. Matsalarta wuta ce. Na taɓa asarar lalon wata guda saboda an ɗauke wuta kwana uku, ya narke ya yi tsami, kuma ganyen da ya kwana a narke ba a mayar da shi.

Shawarata, ki shanya zogale da daɗɗoya, ki bai wa lalo firiza idan wutar unguwarku tana zama, in ba haka ba shi ma ki shanya, busasshensa bai rasa yauƙi. Tafasar da ke tsirowa a kangaye yanzu ma tana shanyuwa da kyau, sai dai kada ki ɗebi ta bakin kwata ko gefen babban titi.