Gargaɗi: mai yawo da "azurfar gado" a wuraren shan shayi na Yamai

Jama'ar Yamai, musamman 'yan Bukoki da Lazare, akwai wani dattijo mai farin rawani da ke zagayen teburan masu shayi da ƙunshin tsofaffin kayan ado, yana cewa azurfar gado ce daga Agadas. Ɓarawo ne. Ya ci mini jika 180. Jika 180, kuɗin da nake tarawa don kayan auren ƙanwata!

Kuma kada wani ya ce mini garaje na yi. Na san azurfa, uwata ta sa ta har ta rasu. Na ɗaga munduwar na ji nauyinta, na duba cikin zanen na ga baƙin tsufa. Shi da kansa ya ciro maganaɗisu daga aljihu ya ce, "Ɗana, gwada, in ya kama kada ka ba ni ko dala." Bai kama ba. Wannan kalmar ce ke hana ni barci. Ɗana. Wa zai yi zaton mai furfura zai kira ka ɗansa alhali hannunsa na cikin aljihunka?

Maƙerin da na kai wa a Wadata ya goga kuros ɗin, wato abin wuyan da ke cikin kayan, a dutse, ya ɗiga masa ruwan gwaji, nan take wurin ya koma kore. Ya ce haɗin jan ƙarfe ne da nikel da zinki, babu azurfa ko ƙwaya, kuma maganaɗisu ba ya kama shi, kamar dai azurfar gaske. Baƙin nan ma shafa shi aka yi. Na rasa inda zan sa fuskata a gaban yaran shagon.

To amma kafin nan, ranar Alhamis bayan la'asar, dattijon bai ma yi tallar komai ba. Zama ya yi, aka zuba shayi na farko, na biyu, sai a na uku ya kwance ƙyallen: munduwa biyu, zobba, kuros na Agadas da na Tawa. Ya ce na kakarsa ne, matarsa na kwance asibiti. Jika 250 ya fara cewa. Wani saurayi a gefe ya taya 170, yanzu na gane tare suke. Na ba shi 100 a hannu, 80 na tura masa ta waya. A'a, turawar ce ma farko, don sai da na je gida na ɗauko sauran. Har addu'a ya yi mini, jama'a, hannu biyu sama.

Lambarsa a kashe take tun Juma'a. Mai shayin ya rantse bai san shi ba. Ina da hoton saƙon tura kuɗin da na kayan, zan saka su da dare in na dawo daga komisariya.

Kada ku sayi azurfa sai maƙeri ya gwada a gabanku. Wanda ya gan shi a Katako ko tasha ya yi mini magana, ina neman jika 180 ɗina.