Hazon Ingila ruwa ne, ba ƙura ba

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Kalmar da ta fi rikita baƙo a hasashen yanayin Ingila tsakanin Satumba da Nuwamba ita ce hazo. A gida in an ce hazo, kowa ya san ƙurar hunturu ce, wadda iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, mai busar da leɓe ta fasa kaushi. Na nan kuwa ruwa ne tsagwaronsa. Girgije ne ya sauko ya kwanta a ƙasa, in mutum ya ratsa shi sai gira da hula su jiƙe. Sunan ɗaya, amma yadda ake hango su da yadda ake shirya musu sun sha bamban.

Hukumar da ke aikin hasashen yanayi a nan ita ce Met Office, wadda aka kafa a 1854 ƙarƙashin Robert FitzRoy, hedikwatarta yanzu tana garin Exeter. A ma'auninsu ba a cewa an yi hazo sai idan ido bai iya ganin abin da ke nisan mita 1,000. In ya koma ƙasa da mita 50, to shi ne mai kauri, mai tsayar da zirga-zirga.

Ga yadda yake haɗuwa. Iska tana riƙe da tururin ruwa daidai ɗuminta: a digiri 10 na ma'aunin Salshiyas, iskar da ta cika mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi tana iya riƙe kusan giram 9, a digiri 5 kuwa bai kai giram 7 ba. Da kaka dare ya yi tsawo, ƙasa kuma a jiƙe take. Idan sama ta washe babu gajimare, ƙasa sai ta yi ta sakin zafinta cikin dare, iskar da ke kanta ta huce har ta kai matakin da raɓa ke sauka. Ragowar tururin da ta kasa riƙewa shi ke zama ɗigo-ɗigo yana shawagi. Amma sai da 'yar iska mai kaɗawa a hankali. In babu iska sam, raɓa kawai za a tarar a kan ciyawa. In ta yi ƙarfi, sai ta ɗaga hazon ya koma gajimare. Iska mai sanyi ta fi nauyi, tana gangarawa kwari, shi ya sa kwarin kogin Tems da na Tirent da filayen da ke kewaye da birnin Yok suka fi shan sa.

A nan ne hasashe ke yawan kuskurewa. Kwamfutocin hukumar suna yanka ƙasar gida-gida, kowane gida faɗin kilomita ɗaya da rabi, amma hazo na iya cika kwari guda ya bar tudun da ke kusa da shi rana tarwai. Kuskuren digiri ɗaya a sanyin dare, ko guntun gajimaren da ya ratso da tsakar dare ya rufe sama kamar bargo, ya isa ya rushe lissafin. Lokacin washewarsa ma haka: a Satumba rana na da ƙarfin kore shi da hantsi, a ƙarshen Nuwamba kuwa yakan wuni bai motsa ba.

Abin mamakin shi ne, abin da ke da sauƙi a gida shi ke da wuya a nan. Ƙurar hunturu tafiya take yi, tauraron ɗan'adam na ganinta tun daga tasowarta, don haka NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, na iya faɗakar da filayen jirgi kafin ta iso. Hazon Ingila a wurin ake haifarsa cikin dare ɗaya. Ruwan sama kuma akasin haka ne. Hadarinmu na damina yakan haɗu cikin 'yan awoyi, ya zuba a unguwa ɗaya ya tsallake ta gaba. Na nan mafi yawansa daga Tekun Atalantika yake zuwa a jere, ana hango shi tun kwana biyu ko uku. Shi ya sa hidimar ta bambanta. Abin da NiMet ta fi shahara da shi shi ne hasashen shekara: yaushe damina za ta faɗi, yaushe za ta ɗauke, ina za a yi fari a tsakani. Manomi ke buƙatar wannan. A nan kuwa awa-awa ake bayarwa, gari-gari, a manhajar waya kyauta, domin mai tuƙi da mai jiran jirgin ƙasa ne masu tambaya.

Sai batun kashi cikin ɗari, wanda mutane da yawa ke fassarawa ba daidai ba. In waya ta nuna kashi 30, ba ana nufin za a yi ruwa kashi 30 na wunin ba, ba kuma ƙarfin ruwan ake aunawa ba. Ana nufin a irin wannan hali, sau uku cikin goma ruwa na sauka a wurin. Masu hasashe suna samun adadin ne ta maimaita lissafin sau da yawa, kowane karo a ɗan sauya bayanan farko. Cibiyar hasashe ta Turai da ke Redin tana maimaita nata sau 51. Yawan waɗanda suka nuna ruwa shi ke ba da kason. Kashi 90 na iya zama yayyafi, kashi 20 ya zama mamako. Kuma kada yawan ambaton ruwa ya ruɗe ku: abin da Landan ke samu a shekara kusan milimita 600 ne, bai kai na wurare da yawa a arewacin Najeriya ba, sai dai a tsinke yake zuwa duk shekara. Tsaunukan arewa maso yammacin Ingila su ne ke haura milimita 3,000.

In sun ce yanayi zai yi sauƙi, wato ba sanyi sosai, a Oktoba ana maganar digiri 15 ko 16 ne da rana a Landan. Teku ce ke riƙe zafin bazara, iskar kudu maso yamma ta kwaso shi. Wannan iska mai ɗumi ɗauke take da laima, don haka in ta tsaya sama ta washe, gobe da asuba a sa ran hazo.

Gargaɗin Met Office launi uku ne: rawaya, ruwan goro, ja, gwargwadon yiwuwar abin da kuma ɓarnar da zai iya yi. Na hazo yawanci rawaya ne. Dokar hanya ta ce in ba a ganin mita 100, dole a kunna fitilun gaba. Ana iya ƙarawa da fitilar hazo, amma wajibi ne a kashe ta da zarar hanya ta buɗe, domin jar ta baya tana kashe idon na bayanka, tana kuma ɓoye hasken birki. Duk motar da aka fara hawa daga Afrilun 1980 dole tana da wannan fitila ta baya, kuma ana duba ta a gwajin mota na shekara. Doguwar fitila ba ta da amfani a hazo, hasken dawo maka yake yi. Lissafin da ya fi muhimmanci: mai gudun mil 70 a awa yana buƙatar mita 96 kafin ya tsaya a busasshen titi, mai mil 50 mita 53. In ganinka mita 50 ne, ko mil 50 ya yi yawa.

Wajen sayen rigar ruwa, a duba lambar jure ruwa da ke jikin takardarta. Mai milimita 5,000 ta isa yayyafin cikin gari, mai 10,000 zuwa sama ita ke jure ruwa mai iska, amma a tabbatar an liƙe ɗinkin ta ciki, don ta nan ruwa ke shiga. A ɗaki kuma laima ce abokiyar gaba: tana taruwa a gilashin taga, bango ya yi baƙin funfuna. Na'urar tsotse laima ita ce maganin, a riƙe ma'aunin tsakanin kashi 40 da 60, a kuma buɗe taga na 'yan mintoci kowace safiya ko da ana sanyi, musamman in an shanya wanki a ciki.