Wata shida da rauta da suwic a gidana: abin da ya yi aiki da inda na yi asara

Gidanmu a Unguwar Rimi ginin bulo mai inci tara ne, ɗakuna a jere, falo a can gaba. Ina da tsohuwar laftof a ɗakin karatu, na cika ta da bidiyon bukukuwan dangi da tafsirin azumi da finafinan yara, na sa mata manhajar Jellyfin don kowa ya kalla a talabijin ko a waya ba tare da an ci data ba. Da an kunna bidiyon bikin ƙanwata, wanda mai hoto ya ba mu a 4K, sai hoton ya daskare, 'yar da'irar nan ta yi ta juyi. Uwargida kan ce, "Abban yara, injin naka ya sake yin barci."

Na daɗe ina ɗora wa kamfanin layi laifi, alhali ba ruwansa. Bidiyon daga ɗaki yake zuwa falo, ko leƙa intanet ba ya yi. 'Yar rautar nan da ake sa wa sim, wato na'urar da ke raba waifai a gida, ita ce ta gaza, ga bango uku a tsakani.

Na je shagunan kayan kwamfuta na titin Ahmadu Bello na sayi sabuwar rauta, TP-Link Archer C6. Kafofin kebul huɗu gare ta, duk na gigabit, wato megabit 1000 a daƙiƙa, kuma tana watsa waifai a zango biyu, 2.4 da 5. Zangon 5 akwai gudu, amma bai da ƙarfin ratsa bango. In ka wuce ɗaki biyu sai wayarka ta koma 2.4. Wannan halin zangon ne a kowace rauta. Saita ta bai kai minti goma ba. Mai sim ɗin tana nan, ita ke kawo intanet, sabuwar ke rabawa.

A falo abu uku ke son kebul: talabijin, akwatin Android da na'urar wasan yara. Maimakon a ja uku, sai a ja ɗaya a sa suwic, wato ɗan akwati mai kafofin kebul da yawa, ya raba. (Da na fara tambayar suwic a wani shago a Kasuwar Gumi, makunnin fitila aka miƙo mini.) A nan na tafka kuskure. Na ga wani na roba mai araha, ko suna babu, na ɗauka. Sai da na dawo gida na lura an rubuta 10/100 a bayan kwali, ma'ana iyakarsa megabit 100. Araha ba ta ado. Na koma na sayi TL-SG105, mai kafa biyar na gigabit, jikinsa ƙarfe, ba fanka balle ƙara, ba wani saiti. Tun ranar da na cusa shi bayan talabijin ban sake taɓa shi ba sai in zan kakkaɓe ƙurar hunturu.

Kebul ne ya fi ba ni wahala. Yaron da ya ja mini shi ya zaro wuƙa ya kankare silin guda daga wanda na fara sayowa, sai ga fari ya bayyana a ƙarƙashin jan. "Yallaɓai, wannan alminiyom ne aka shafa wa tagulla, da ka lanƙwasa shi sau biyu zai karye." Muka canza da kebul nau'in Cat6 na tagulla zalla. Bayan an gama, laftof ta ci gaba da nuna 100. Ashe gigabit sai silin takwas ɗin nan duk sun kama, in ɗaya ya kuskure layin na iya faɗowa 100 ba tare da ya sanar da kai ba. Kan kebul ɗin guda ne bai matsu ba. Ya yanke ya sake matsawa, nan take ta nuna 1000.

Wani abin da ban sani ba sai daga baya: talabijin da yawa, har masu tsada, kafar kebul ɗinsu ta 100 ce. Ga Netflix da YouTube ta wadatar, amma manyan bidiyon biki ta akwatin Android muke kunna su, don nasa na gigabit ne.

Saura wuta. Na sa wa rautocin ƙaramin batir mai bol 12, saboda in an ɗauke kafin a tada janareta kada komai ya mutu. Da damina kuwa, da hadari ya haɗo nake zare kebul ɗin da ya bi ta waje, don tsawa ta taɓa ƙona wa maƙwabcina kafofin rauta.

Da yau zan sake saye, rautar nan zan ɗauka, amma suwic mai kafa takwas, TL-SG108. Biyar ɗin saura ɗaya, kuma uwargida ta fara maganar a ja kebul zuwa talabijin ɗin ɗakinta.