Tikitin wasan ƙarshe a Croke Park: wanda za ka nema da wanda za ka haƙura da shi

Idan watan Yuli ya kama a ƙasar Ailan, gaisuwar mutane ma canzawa take yi. A wurin aiki, a layin biyan kuɗi a kanti, a bakin makarantar yara, abin da za ka ji shi ne, "Ko ka ji ɗuriyar tikiti?" Tikitin wasan ƙarshe na ƙwallon Gaelic ake nufi, wasan gargajiyar ƙasar da ake bugawa da hannu da ƙafa. Dattijon da ke maƙwabtaka da ni, mutumin gundumar Mayo, yakan fara buga waya tun kafin a san waɗanda za su kara, yana tuno 'yan'uwan da ya shekara bai gaishe su ba.

Cikin wannan yanayi ne ƙanen matata, wanda ya zo karatu Dublin, ya kira ni. "Yaya, na ji ana ta zancen wasan ƙarshen ƙwallon Gaelic ɗin nan. Turo mini shafin da ake sayen tikiti, kuɗina a hannu." Na ce masa, "Ƙanena, da kuɗi kaɗai ke saye, ai da tuni an tashi kasuwar." Ya ɗauka tsiyar da muka saba ce nake masa. Sai da na zaunar da shi na yi masa bayanin da zan yi a nan.

Hukumar GAA mai kula da wannan wasa, wadda aka kafa a garin Thurles a 1884, ba ta fitar da tikitin wasan ƙarshe na All-Ireland, wato gasar gundumomin Ailan baki ɗaya, kasuwa. Filin Croke Park da ke Dublin, inda ake yin wasan, yana ɗaukar mutum 82,300, amma kujerun nan rabon su ake yi. Gundumomi biyu da suka kai wasan suna samun kaso mafi tsoka, sauran gundumomin ƙasar ma kowace da nata, haka rassan da ke ƙetare, makarantu, alƙalan wasa da tsofaffin 'yan wasa. Daga gunduma tikiti yake gangarowa zuwa kulob-kulob na ƙauyuka da unguwanni, sakataren kulob kuma shi ke shan zagi a wannan makon, domin masu nema sun ninka abin da ke hannunsa. Wanda ake fara dubawa shi ne wanda ya shekara yana shata layin fili da farin fenti, ko matar da ke wanke rigunan 'yan ƙasa da shekara goma sha biyu. Baƙon da ya zo da kuɗi a aljihu yana can ƙarshen layi.

Farashin hukuma kansa ya daɗe yana jawo ce-ce-ku-ce. A 2019 kujera ta koma Yuro 90, tsayuwa Yuro 45. A 2024 aka kai kujera Yuro 100, tsayuwa kuma 55. A wasan ƙarshe babu rangwame ga yaro ko tsoho, don haka magidanci da matarsa da 'ya'ya biyu sun ajiye Yuro 400 kafin su sayi ko ruwan sha. Magoya baya suna cewa, 'yan wasan nan ba a biyan su albashi, malaman makaranta ne da manoma da ma'aikatan banki da za su koma bakin aiki bayan wasa, to ina dalilin wannan tsada? Hukumar takan amsa cewa mafi yawan kuɗin yana komawa ne gina filaye da horar da yara. Ni dai na ga filayen ƙauye masu fitilu da kyawawan ɗakunan canza kaya, don haka ban ƙaryata su ba. Amma kuma na ga uban da ya bar ɗansa a gida saboda lissafi bai kai ba.

Abin da ya fi ba sabon zuwa mamaki shi ne kuɗin kujera ɗaya ne ko'ina take. Yuro ɗarin da wani ya biya ya zauna daidai tsakiyar fili, shi ne wani ya biya ya tsinci kansa a can ƙuryar sama yana hangen 'yan wasa kamar tururuwa. Kuma ba kai ke zaɓa ba, abin da kulob ya miƙo maka shi ne rabonka. Sai dai mutane kan yi musaya a tsakaninsu, saboda haka yana da kyau ka san abin da ke hannunka.

Rumfar Hogan ce kowa ke mafarki. An sa mata sunan Michael Hogan, ɗan wasan Tipperary da dakarun Birtaniya suka harbe a cikin wannan fili ranar 21 ga Nuwamba 1920, ranar da mutum 14 suka rasa rayukansu. A nan shugaban ƙasa yake zama, kuma matakalarta kyaftin ke hawa ya ɗaga kofin gasar, mai suna Sam Maguire. Amma ga wani abu da ba a cika faɗa ba: idan kana cikin Hogan ɗin, musamman a sama, ɗaga kofin a babban allo za ka gan shi, tun da a ƙarƙashinka ake yin sa. Wanda ke rumfar Cusack, da ke fuskantarta, shi ke kallon abin gaba da gaba, ko da yake daga nesa. Matsalar Cusack ita ce rana. In an yi sa'ar rana ta fito, da yamma a idonka take sauka, sai ka zo da hular hana sallah.

Rumfar Davin tana bayan raga. Wasu na raina ta, ni kuwa ina son ta, musamman tun 2025 da aka kawo dokar maki biyu ga wanda ya harba ƙwallo ta saman sanda daga wajen da'irar mita 40. Daga bayan raga kake ganin yadda ƙwallon ke lanƙwasa cikin iska, kana sanin ta shiga tun kafin a ɗaga tutar da ke nuna an ci maki. Illarta ita ce idan wasa ya koma ɗaya gefen, sai ka dogara da ihun jama'a.

Lambar da ke kan tikiti ma tana magana. In ta fara da 3, kana hawan ƙasa. In ta fara da 7, kana can sama, matakala mai tsayi da gangara, ba wurin mai ciwon gwiwa ko mai jin jiri ba ne, amma daga nan ake ganin tsarin wasa gaba ɗaya. A ƙasa kuma, layukan gaba rufi bai kai kansu ba. Na taɓa murnar samun kujera kusa da ciyawa, har ina jin numfashin 'yan wasa, sai ga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na koma gida babbar rigata tana ɗiga, takardar jerin 'yan wasan da na saya ta zama kunu a aljihu.

Sai Hill 16, wurin tsayuwa, babu kujera babu rufi. Shi ne mafi araha, kuma in Dublin na wasa nan ne gidan magoya bayanta, shuɗi ko'ina, waƙa ba ƙaƙƙautawa. Saurayi mai ƙarfin ƙafa zai ji daɗinsa fiye da kowace kujera. Amma tsayuwar awa uku ce in ka haɗa da zuwa da wuri don kama wuri mai kyau, in ka fita bayan gida kuma wurinka ya tafi. Ba zan kai ƙaramin yaro ko mai juna biyu can ba.

Akwai kujerun alfarma a hawa na tsakiya, da ɗakunan kamfanoni. Waɗannan na shekaru ake sayen su, dubban Yuro, ba maganar ɗalibi ko ma'aikacin asibiti ba ce. Sai dai in shugabanka a wurin aiki ya gayyace ka, to ka sa kaya masu kyau ka tafi.

To ta ina mutum zai bi? Hanya mafi tabbas ita ce zama ɗan kulob, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Yawancinmu ta hanyar yara muke shiga: ka kai ɗanka atisayen safiyar Asabar, yau a ce ka riƙe jakar ƙwallaye, gobe a ce ka kai yara uku wasa a motarka, kafin shekara biyu an san sunanka. Hanya ta biyu ita ce tikitin kakar wasa na gunduma, wanda ke ba mai shi damar sayen na wasan ƙarshe idan gundumarsa ta kai, muddin ya cika sharaɗin halartar wasanni. Wannan na wanda ya riga ya kamu ne, mai bin ƙungiya cikin sanyin Fabrairu. Sannan akwai ƙuri'a iri biyu, kuma ya kamata a bambance su. Wata tsakanin 'yan kulob ake jefawa don a ga wa zai sayi 'yan tikitin da suka rage, wannan rabo ne kawai. Wata kuwa sai ka biya kuɗi kafin a sa sunanka, ka ci ko ka rasa, kuma da yawa daga cikinmu suna ganin wannan caca ce, suna kauce mata.

'Yan bumburutu kuwa, ka yi nesa da su. Tun 2021 dokar ƙasar ta haramta sayar da tikitin irin waɗannan filaye sama da farashinsa, da tarar da za ta iya kaiwa Yuro 100,000 ko ɗaurin shekara biyu. Hukumar ma takan soke tikitin da ta gano an yi cinikinsa haka. Wani abokin aikina ya tura wa wani da bai taɓa gani ba kuɗi ta intanet, aka turo masa hoton tikiti mai kyau, ya je bakin ƙofa na'ura ta yi ja: an riga an shiga da shi. Abin da na lura da shi, tikitin gaskiya yakan ɓullo ne ranar Juma'a ko Asabar, lokacin da gundumomin da ba sa wasa suka fara sakin nasu, kuma a kan farashinsa ake miƙa shi, daga hannun wanda ka sani zuwa naka. Wanda ya nemi ninki, ba ɗan gida ba ne.

Shawarar da na ba ƙanen nawa ita ce ya manta da wasan ƙarshe a bana, ya nemi na kusa da na ƙarshe. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Fili ɗaya ne, mako biyu kacal kafin babban wasan, ƙungiyoyi huɗu mafiya ƙarfi. Tikitinsa yakan fito kasuwa, ta shafin sayar da tikiti na Ticketmaster ko a kantunan SuperValu da Centra, kuɗinsa bai kai na wasan ƙarshe ba ko kusa, akwai rangwamen yara a rumfunan Cusack da Davin, kuma kana iya zaɓar inda za ka zauna in ka yi sammako. A 'yan shekarun nan ma akan haɗa ɗaya daga cikinsu da wasan ƙarshe na kofin Tailteann, gasar da aka fara a 2022 don gundumomin da ba su kai sahun gaba ba, ka ga wasa biyu da tikiti ɗaya. Sau da yawa wasan ma ya fi daɗi, domin a wasan ƙarshe tsoron kuskure yakan ɗaure ƙafafun 'yan wasa.

Mai iyali kuwa, wasan ƙarshe na mata ya fi dacewa da shi. Wasanni uku ake yi a rana ɗaya a Croke Park, tikiti a buɗe yake ga kowa, filin cike da 'yan mata ƙanana da rigunan kulob ɗinsu. A 2019 mutum 56,114 suka halarta. Wanda kuma ke son ya ga asalin abin, ya nemi wasan ƙarshe na lardin Ulster a Clones, ƙaramin gari da jama'a ke cika titunansa maƙil tun hantsi.

Amma kada in rage wa wasan ƙarshen daraja. Akwai abin da ba ka samu sai a ranar: zagayen fili da 'yan wasa ke yi a bayan 'yan badujalar Artane, taken ƙasa da ihun jama'a ke haɗiye ƙarshensa, da yadda magoya bayan ɓangarori biyu ke zaune a cakuɗe ba shinge ba 'yan sanda a tsakani. Abin da kowa ke ɗauke da shi a zuciya ma daban ne. Ɗan Kerry, da kofi 39 a tarihi bayan sun doke Donegal a 2025, yana zuwa ne kamar mai karɓar bashi, in ba a ci ba shekarar ta lalace. Mutanen Armagh da suka doke Galway da maki ɗaya a 2024, karo na biyu ke nan a tarihinsu, manya da furfura sun yi kuka. Maƙwabcina na Mayo kuwa, rabon gundumarsa da kofin tun 1951, ya je wasan ƙarshe ya dawo hannu rabbana har ya daina ƙirgawa, kuma duk sanda suka kai sai ya sake neman tikiti. Irin waɗannan kake gogayya da su, shi ya sa ban ga laifin sakataren kulob ba in ya fifita su a kanmu. Wanda bai samu ba, tashar talabijin ta ƙasa, RTÉ, tana nuna wasan kyauta, na ƙetare kuma akwai shafin kallo na GAA+ ta intanet.

In Allah ya ba ka tikitin, ka lissafa abin da ba a rubuta a kansa ba. Otal a Dublin a wannan ƙarshen mako kuɗinsa yakan fi na tikitin, jirgin ƙasa daga gundumomin da ke wasa yana cika da wuri, mota kuma ba ta kusantar filin. Daga tashar Drumcondra 'yan mintuna ne a ƙafa, daga Connolly ko titin O'Connell kamar minti ashirin. Ba a shiga da babbar jaka. Ƙarfe uku da rabi ake jefa ƙwallo, kuma a Yuli azahar tana shiga wajen ɗaya da rabi, la'asar sai kusan shida, don haka ka yi sallarka kafin ka fito, za a tashi wasa da sauran lokaci.

Ƙanen nawa ya bi shawara, ya sayi kujera a saman Cusack a wasan kusa da na ƙarshe. Bayan minti goma da farawa ya turo mini saƙo: "Yaya, me ya sa suke murna alhali ƙwallon ta sama ta wuce?" Da aka tashi kuma ya sake kira, muryarsa a dishe, yana tambayata wane kulob ne ya fi kusa da ɗakinsa, kuma nawa ne kuɗin rajistar ɗalibi.