Roland FP-30X: ya dace da kiɗan fiyano mai natsuwa, amma a canza feda

Mai kiɗan fiyano na natsuwa, wanda ke ƙirƙirar kiɗansa nan take da sautuka uku ko huɗu yana maimaita su a hankali, buƙatarsa daban ce da ta mai kiɗan sauri. Abin da ya dame shi shi ne yadda sauti ke fita idan an taɓa madanni a hankali, da yadda yake dusashewa bayan an ɗaga yatsa. A kan wannan ma'auni za a duba FP-30X, fiyanon lantarki da kamfanin Roland ya fitar a 2021.

Madannansa 88 ne, nau'in PHA-4 Standard, masu nauyi kamar na fiyanon katako, na ɓangaren hagu sun fi na dama nauyi kaɗan. Nan ne ƙarfinsa yake. Za ka iya sauke yatsa sannu sannu sautin ya fito ƙasa-ƙasa ba tare da ya ɓace ba. Idan hannunka mai ƙarfi ne, mayar da saitin taɓawa zuwa Heavy, sautin zai daina tsalle duk lokacin da yatsa ya ɗan zarce. Yana iya riƙe sautuka 256 a lokaci ɗaya, don haka ko ka daɗe da taka feda, wato abin da ake takawa da ƙafa don sauti ya ci gaba da amo, ba za ka ji tsoffin sautuka suna yankewa ba.

Matsalar tana wajen fedar da ke zuwa cikin kwali, wato DP-2. Ƙaramin makunni ne kawai: ko a kunne ko a kashe, kuma yana zamewa a ƙasa mai santsi. Kiɗan natsuwa kuwa rabinsa a ƙafa yake. Idan ka riƙe feda gaba ɗaya kana sauya sautukan hagu, amonsu zai cakuɗe ya zama ruɗani. Idan ka saki, komai ya mutu lokaci guda. Maganin shi ne a canza ta da fedar DP-10, wadda ke gane rabin taku. Ka tabbata ɗan makunnin da ke gefenta yana kan Continuous, in ba haka ba za ta yi aiki tamkar DP-2. Sai ka danna sabon sauti tukuna, ka ɗaga ƙafa rabi, ka sake takawa. Tsohon amo zai ragu, ba zai yanke ba.

Lasifikokinsa biyu ne, kowanne wat 11, kuma ƙasa suke fuskanta. Kada a ɗora shi a kan tebur, sautin zai toshe. A sa shi a kan ƙafafunsa na KSC-70 ko wani abin ɗorawa mai buɗaɗɗen ƙasa. Duk da haka, wutsiyar sauti, wato ƙarshen amonsa yayin da yake dusashewa, ta fi fitowa a hedifon, kuma akwai ramukansa biyu, babba da ƙarami.

Abu ɗaya da ke ɓata wa mai ɗaukar sauti rai: idan an rage murya sosai, ana jin bugun madanni idan sun kai ƙasa, makirufo kuma ba ya yafe wannan. Ɗauki ta USB zuwa kwamfuta, ko ta ramukan Output na baya. Fiyanon ba shi da allo, saboda haka saituna sai an haɗa maɓallin Function da wani madanni, abin da ke da wahalar tunawa. Manhajar Roland Piano App ta Bluetooth ta fi sauƙi nesa ba kusa ba.