Reza, man cire gashi ko halawa: wanne ya dace da fatarki?

Cire gashin hammata da na mara tsafta ce da addini ya koyar da mu, har hadisi ya ce kada a bar shi ya wuce kwana 40. Ga kuma zafin Kano daga Maris zuwa Mayu, lokacin da gumi ba ya raga wa kowa. Cirewa kam dole ce, sai dai a duba abin da za a cire da shi.

Reza ce mafi araha, ko a shagon bakin layi za ki samu, amma kwana biyu zuwa uku gashin ya sake tsirowa. Babbar matsalarta a wurinmu ita ce gashinmu murɗaɗɗe ne. Idan aka aske shi ƙwal, sai tsininsa ya lanƙwasa ya koma cikin fata, ƙuraje su fito, in sun warke su bar baƙin tabo. In dai reza kika zaɓa, ki jiƙa wurin da ruwan ɗumi da kumfar sabulu, ki bi yadda gashin ya kwanta. Kada ki haɗa ta da kowa, ko da 'yar'uwarki ce ciki ɗaya, domin ciwon hanta yana bin jini.

Man cire gashi irin su Veet da Nair narkar da gashin yake yi, shi ya sa ba ya barin tsini. A nan ne nake so mu fi nutsuwa. Abin da sinadarin yake narkarwa a gashi, akwai irinsa a saman fata, don haka duk mintin da kika ƙara a kan abin da aka rubuta a kwali, fatarki yake ci. Galibinsu ba a wuce minti 10 da su. Ki fara shafa kaɗan a cikin hannunki, ki wanke, ki jira awa 24 ki gani. Na jiki ba na fuska ba ne, kuma ba a kai shi can cikin al'aura. Wajen saye, ko a Kasuwar Sabon Gari ne ko a babban kanti, ki juya kwalin ki nemi lambar NAFDAC (hukumar kula da ingancin abinci da magunguna) da ranar ƙarewar aikinsa. Wanda ya yini a rana a kan tebur har kwalinsa ya koɗe, ki bar wa mai shi kayansa komai sauƙin kuɗin.

Halawa, wadda masu gyaran jikin amare ke haɗawa da dilka, sukari ne da lemun tsami da ruwa ake dafawa har su yi danƙo. Daga tushe take tuge gashi, sai ki yi mako uku ko huɗu kina hutawa. Akwai zafi, ban ɓoye miki ba, kuma sai gashin ya kai tsawon ƙwayar shinkafa kafin ta kama shi. Ki tabbata a gabanki aka gutsuro sabuwa, ba wadda aka gama yi wa wata ba.

Mai shafa man bilicin kuwa, don Allah ta nisanci halawa da man cire gashi duka biyun. Fatarta ta riga ta yi laushi, tana iya saluɓewa tare da gashin.

Na'urorin cire gashi da hasken nan da ake tallatawa a Instagram baƙin launi suke bi, ba sa bambance na gashi da na fata sosai, don haka suna iya ƙona baƙar fata. Wannan aikin likitan fata ne.

Ni a ganina, duk wadda ƙuraje ke damu ta sayi ƙaramar kilifa mai caji ta kanta. Ba ta sa fata ta yi sumul kamar halawa, amma tana barin gashin ɗan sama da fata yadda ba zai koma ciki ba, kuma sau ɗaya za ki kashe kuɗin. Ki riƙa goge bakinta da sifirit bayan kowane amfani.