Zauren biki mai daɗin kallo, mai wuyar saurare

Mun kama wani sabon zauren taro a nan cikin Sakkwato don walimar auren ƙanwata, kuma tunda 'yan'uwa na ta tambayata ko wurin ya yi, ga abin da na gani.

Ta fuskar sanyi babu abin cewa. Cikin zafin Afrilu aka yi bikin, amma na'urorin sanyaya ɗaki sun riƙe wurin har aka tashi. Da aka ɗauke wuta, nan take janareta ya karɓa. Akwai filin ajiye motoci, bayi a tsabtace, ma'aikatan kuma suna da ladabi.

Inda gizo ke saƙar shi ne sauti. Ƙasa tayil, bango siminti mai santsi da fenti mai sheƙi, tagogi gilashi, silin can sama. Babu wani abu mai laushi da zai shanye ƙara, duk abin da ya fita daga lasifika sai ya daki bango ya dawo. Sauti na tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa ɗaya, don haka in bango ya kai mita 17 daga mai magana, amon yakan dawo a makare yadda kunne zai ji shi daban. Tsawon wannan zaure ya zarce haka. Malamin da ya buɗe taro da addu'a, mu na baya sai dai mu ce amin idan mun ga na gaba sun shafa.

Makaɗan kotso da muka gayyato su suka fi shan wahala. Kotso, irin wanda Narambaɗa ya yi suna da shi a fadar Sarkin Gobir na Isa, da yatsu ake kaɗa shi, daɗinsa kuma yana cikin yadda kiɗan ke bin maganar mawaƙi, 'yan amshi na karɓa. Kirari da habaici kalmomi ne, in ba a ji su ba an yi asara. A nan kuwa kafin baiti ya mutu na biyu ya hau kansa. Dattijon da ke jagorantarsu ya matso kusa da ni ya ce, "Alhaji, wanga ɗaki ba shi son kiɗi." Mai kula da na'ura ya ƙara murya, abin ya ƙara dagulewa.

Wanda ya taɓa jin irin wannan kiɗa a soron ƙasa na tsofaffin gidajen Kanwuri, unguwar fadar Sarkin Musulmi, ya san bambancin. Bangon tubali mai kauri ne, yaɓensa ba sumul ba, rufin kuma azara ce da aka jera, ga bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke tallafe rufi, ya ratsa. Azara ba ta ɗaukar nauyi a faɗin da ya wuce kusan mita 2, shi ya sa magina suka ƙirƙiro bakan gizo don su buɗa ɗaki, amma duk da haka soro ba ya yin girman da amo zai yi yawo. Ga tabarmi a ƙasa, ga manyan riguna. Kakaki da tambari kuwa dama na filin ƙofar fada ne, ba na ɗaki ba.

Sai da mata suka cika wurin da leshi da gyale, muka shimfiɗa dardumai a gaban makaɗa, aka rage lasifika, sannan waƙa ta fara fitowa. Na gaya wa manajan su rataya labule masu kauri a bangon baya su sa kafet, ya ce zai kai maganar ga mai wurin.

In hotuna da sanyi kake nema, kama wurin ba ka da haufi. In akwai wa'azi ko makaɗan gargajiya a tsarinka, je ka tun wurin babu kowa, ka tsaya tsakiya ka tafa hannu ka saurara kafin ka biya kuɗin kama rana.